Bazara da lafiyar fata: yadda ake kula da jiki daga Maris zuwa faɗuwar damina

Bazara a kudancin Nijar kashi biyu ce, kuma fatar mutum ce ke fara shaida bambancin. Daga watan Maris zuwa wajen tsakiyar Afrilu zafin busasshe ne: iska ba ta ɗauke da danshi, gumi na bushewa tun kafin a gan shi, leɓe na tsagewa, ƙafa na yin fari fat. Daga ƙarshen Afrilu kuwa, musamman a Mayu da farkon Yuni, iskar da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma takan fara shigowa da laima alhali ruwan sama bai sauka ba. A lokacin ne gumi ke ƙin bushewa, riga ta manne a baya, yara su cika da ƙuraje. Kulawar da ta yi wa fata amfani a kashi na farko tana iya zame mata matsala a kashi na biyu, shi ya sa ya kamata a san wane zafi ake ciki kafin a ɗauki kwalbar mai.

A Yamai matsakaicin zafin rana tsaka a watan Afrilu yana kai wa kusan digiri 41. Tawa da Birnin Ƙonni ba su gaza haka ba, Maraɗi da Damagaram ma suna biye, kuma ranakun da ma'auni ke nuna 44 ko 45 ba baƙi ba ne. A farkon Afrilun 2024, lokacin da wani matsanancin zafi ya mamaye yankin Sahel ana cikin azumi, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Danshin iska a watan Maris yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. A ƙarshen Afrilu kuma rana na tsayawa daidai tsakiyar ka a layin da Yamai da Maraɗi da Damagaram suke, abin da ke sa haskenta ya fi kowane lokaci kaifi.

Yadda fata ke riƙe ruwa

Fata ita ce gaɓa mafi faɗi a jikin ɗan Adam. Da za a shimfiɗa ta babban mutum, da ta kai murabba'in mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Hawa uku gare ta: na sama da ido ke gani, na tsakiya mai jijiyoyin jini da tushen gashi da jakunkunan gumi, sai na ƙasa mai kitse. Aikin tsare ruwa kusan duk yana wuyan wani siririn ɓawo da ke can saman hawa na farko. Ɓawon nan matattun ƙwayoyin halitta ne da aka jera kamar tubali, wani maiƙo da jiki ke yi da kansa ya cike tsakaninsu kamar yadda laka ke riƙe ginin ƙasa. Muddin maiƙon na nan, ruwan da ke ƙasa ba ya samun hanyar fita da yawa, ƙura da ƙwayoyin cuta kuma ba sa samun hanyar shiga. Idan aka wanke shi da sabulu mai kaifi, ko aka kankare shi da soso, ko busasshiyar iska ta yi ta bugunsa, sai ginin ya fara tsattsagewa. Farin da ake gani a ƙwauri da gwiwar hannu, wanda ya fi fitowa fili a baƙar fata, ɓawon ne ya bushe ya ɗago. Fata na sabunta wannan ɓawo cikin kimanin mako huɗu, don haka gyaran da aka fara yau ba a ganin cikakken amfaninsa gobe.

Gumi kuwa aikinsa daban. Jiki na da jakunkunan gumi miliyan biyu zuwa huɗu, kuma bushewar gumin a kan fata ce ke sanyaya mutum, kamar yadda tsattsafin jikin randa ke sanyaya ruwan cikinta. Mai aikin ƙarfi a rana, irin su magini ko ɗan ga-ruwa ko mai dako a tasha, yana iya zubar da fiye da lita ɗaya a cikin awa guda. A busasshen zafi ba ya ma lura, domin rigarsa ba ta jiƙewa; farin gishirin da ke kwantawa a wuyan riga ne kawai shaida.

Ruwan sha

Ana yawan cewa shan ruwa da yawa ne sirrin laushin fata. Maganar na da gaskiya rabi. Wanda jikinsa ya rasa ruwa, fatarsa takan yamushe, idan ya sha ta dawo. Amma wanda ya riga ya ƙoshi, ƙarin lita uku ba zai warkar masa da faso ba, domin matsalar tana saman fata ne. Amfanin ruwa a bazara ya ma fi na kwalliya girma: shi ke ba jiki abin da zai yi gumi da shi, shi ke kare ƙoda.

Babu adadi ɗaya da ya dace da kowa. Ma'aikacin ofis da ɗan kabu-kabu ba za su sha daidai ba. Ma'auni mafi sauƙi shi ne fitsari: idan yana fita fari-fari kuma a kai a kai, ruwan ya wadatar, idan ya yi ja ya kuma ragu, jiki na bin bashi. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri, sai an riƙa miƙa musu. Kankana da gurji da mangwaro, wanda lokacinsa ke zuwa daidai da zafin, da fura da nono da kunu da ruwan tsamiya da zoɓo duk suna shiga lissafi, in dai ba a cika su da sukari ba. Mai azumi ya fi amfana idan ya rarraba shan ruwansa daga buɗa-baki zuwa sahur, maimakon ya ɗura shi gaba ɗaya a zama guda.

Jariri ɗan ƙasa da wata 6 hukuncinsa daban ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa kaɗai ya ishe shi ko da a ƙasashe masu zafi, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon ruwa ne. A ƙara masa yawan shayarwa, uwar kuma ta ƙara shan ruwa. Ruwan da ake ɗura wa jariri don tausayi shi ne sau da yawa ke kawo masa zawo, zawo kuma ya fi rana saurin busar da yaro.

Wanka da sabulu

A nan ne aka fi yi wa fata illa da kyakkyawar niyya. Wanda ya samu ruwa a bazara yakan yi wanka sau uku ko huɗu a yini, kowane da sabulu da soson raga, ya dirje har fata ta yi ƙara. Fata tana da ɗan tsami-tsami na halitta, wajen 5 a ma'aunin pH, shi kuwa sabulun sanda na yau da kullum yana kai wa 9 ko 10. Kowace cuɗa tana tafiya da wani kaso na maiƙon nan, kuma fata na buƙatar awoyi kafin ta mayar da shi. Sabulun wankin tufafi, wanda gidaje da yawa ke wanka da shi saboda araha, ya fi kaifi. Sabulun salo ma, duk da farin jininsa, da toka ake yin sa, kuma wanda bai ji mai sosai ba yana busar da fuska. Sabulan da aka rubuta wa cewa suna kashe ƙwayoyin cuta ba su da wani fifiko ga lafiyayyar fata a wankan kullum.

Abin da ya fi shi ne sabulu sau ɗaya a yini, a mai da hankali kan hammata da matsematsi da ƙafafu da ƙarƙashin mama, inda gumi ke taruwa. Sauran wankan na neman sanyi a yi shi da ruwa zalla, a taƙaice. Wannan ya ma dace da garuruwa irin Damagaram, inda ƙarancin ruwa a bazara tsohon zance ne: rabin bokiti da tsumma mai tsabta sun isa a goge gumi da gishiri. A kuma lura da ruwan da ya yini a bido ko tanki a rana, ko na famfo da azahar, wanda kan fito da zafin da zai iya ƙona jariri. A tara shi tun da safe a inuwa. Bayan wanka a dafa jiki da tawul a hankali, kada a goge da ƙarfi.

Alwala ma tana da nata tasiri. Hannu da fuska da ƙafa suna jiƙewa sau biyar ko fiye a yini, busasshiyar iska ta kwashe ruwan nan take, ta haɗa da na cikin fata. Shi ya sa bayan hannu da diddige suka fi ko'ina kaushi. Ɗan mai kaɗan bayan an idar da salla yana rage wannan. Lasar leɓe kuwa ƙara tsaga shi take yi.

Wane mai, kuma yaushe

Mai ba ya ƙara wa fata ruwa, rufe wanda ke ciki yake yi. Saboda haka lokacin shafa shi ya fi tsadarsa muhimmanci: cikin ƴan mintoci bayan wanka, tun jiki na da sauran danshi. Wanda ya bari ya bushe ƙarƙaf sannan ya shafa, ƙyalli kawai ya samu.

Man kaɗanya, wanda ake samu daga yankin Gaya da kuma ƙasashen Benin da Burkina Faso da Najeriya, yana cikin mafi dacewa da busasshen zafi. Yana narkewa da ɗumin hannu, ba ya buƙatar turare ko wani haɗi, kuma da wuya ya tayar wa mutum da ƙaiƙayi. A nemi mai tsabta, wanda bai yi warin daɗewa ba. Basilin ya fi shi toshe hanyar fitar ruwa, don haka ya fi dacewa da leɓe da diddige da gwiwa. Gilisarin aikinsa jawo ruwa ne. Idan aka shafa shi tsagwaro a iskar Maris, babu danshin da zai jawo daga waje, sai ya bar fata tana danƙo. A sirka shi da ruwa, a bi shi da mai a sama. Mayukan shago masu ruwa-ruwa sun fi sauƙi a jiki da rana, amma masu yawan turare da barasar haɗi suna iya sa raɗaɗi a fatar da ta tsage.

Ga faso: a jiƙa ƙafa minti goma da dare, a goge kaushin da dutse a hankali, a shafa basilin ko man kaɗanya, a sa safa. Reza ba abin yanke kaushi ba ce. Mai ciwon sukari ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowace rana, domin ƙaramar tsaga da bai ji zafinta ba tana iya zama gyambo.

Ɗakin da na'urar sanyaya iska ke aiki dare da rana iskarsa busasshiya ce, masu kwana a ciki suna buƙatar mai. Ita kuwa na'urar nan mai hura iska ta cikin ruwa, wadda ta yawaita a gidajen Yamai da Maraɗi, tana ƙara danshi, shi ya sa take da daɗi a Maris da Afrilu, ta koma tana ƙara cunkus idan laima ta shigo.

Idan laima ta shigo

Da zarar iska ta juya, a rage mai. Man da ya ceci fata a watan Maris, idan aka ci gaba da lafta shi a ƙirji da baya a watan Mayu, toshe ƙofofin gumi yake yi. Gumin da ya rasa mafita sai ya taru a ƙarƙashin fata ya fito da ƙurajen zafi: ƙanana, masu ƙaiƙayi da tsira kamar allura, a wuya da goshi da baya da duk inda fata ke haɗuwa da fata. Jarirai suka fi fama, saboda hanyoyin guminsu ba su gama ƙwari ba, kuma saboda yadda ake naɗe su. Jariri a watan Mayu ba ya buƙatar hular ulu da safa da bargo. Goyo na tsawon awoyi ma yana haɗa zafin jiki biyu. A riƙa sauke yaro a inuwa ya sha iska.

Maganin ƙurajen zafi sanyi ne da iska: wanka da ruwa mai ɗan sanyi, riga mai faɗi ta auduga ko ma a bar yaro ba riga a cikin ɗaki, a yanke masa farce. Ruwan kalamin da ake samu a farmasi yana rage ƙaiƙayi. Hoda tana tsotse gumi, amma idan ta yi yawa takan dunƙule ta ƙara toshewa, kuma kada a bari jariri ya shaƙe ta. Yawanci ƙurajen na bajewa cikin ƴan kwanaki. Susa ce ke mayar da su maruru ko ƙuraje masu ruwa da ɓawon rawaya, waɗanda ke yaɗuwa tsakanin yaran gida.

Laima da gumi kuma su ne abincin kyasbi da makero da ƙaiƙayin matsematsi da na tsakanin yatsun ƙafa. A busar da waɗannan wurare sosai bayan wanka, a sauya kamfai da safa kullum, kowa ya riƙe tawul nasa. Yadin roba, wanda ake ɗinka hijabai da rigunan ƙwallo da yawa da shi, yana riƙe gumi a jiki. Sabuwar shadda mai sitaci ma ba ta barin iska ta ratsa. Tsohuwar atamfa da ta sha wanki ta fi su duka a wannan lokaci.

Rana da launin fata

Baƙar fata tana da kariya ta halitta daga hasken rana, saboda sinadarin melanin. An ƙiyasta ƙarfin kariyar da kusan 13 a ma'aunin da ake rubutawa a jikin man kariya daga rana. Kariya ce ta gaske, amma ba ta hana tabon ƙuraje ƙara duhu, ba ta hana baƙin da ke fitowa a kumatun mata masu ciki ƙaruwa. Mafi arahar kariya ita ce wadda aka gada: inuwa daga ƙarfe 11 zuwa 4 na yamma, malfa mai faɗin baki, rawani, riga mai dogon hannu. Wanda ke da halin sayen man kariya ya nemi mai lamba 30 ko sama, ya sake shafawa bayan kowace awa biyu idan yana waje. Man kaɗanya ba ya maye gurbinsa. Wasu magunguna, irin su doksisiklin, suna sa fata saurin ƙonewa a rana. Mai shan su ya tambayi ma'aikacin lafiya.

Ga zabiya kuwa maganar ta rai ce. Fatarsu ba ta da melanin ko tana da kaɗan ƙwarai, rana na ƙona ta cikin ƙanƙanen lokaci, kuma ƙunar da ke maimaituwa shekara da shekaru ita ke kai wa ga sankarar fata tun ana da ƙuruciya. Yaro zabiya na buƙatar malfa da doguwar riga da tabarau da man kariya mai lamba 50 kowace rana, a kuma nema masa aikin inuwa maimakon kiwo ko talla da rana tsaka. Duk wani kaushi ko miki a fuskarsa ko kunnensa ko wuyansa da ya ƙi warkewa a kai shi a duba da wuri. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 13 ga Yuni a matsayin ranar wayar da kai game da zabiya, aka fara kiyaye ta a 2015.

Mayukan bilicin da haɗe-haɗen gyaran jiki

Babu abin da ke rusa garkuwar fata kamar mayukan sauya launi, kuma a bazara illarsu ke fitowa fili. Yawancinsu na ɗauke da ɗayan abu uku. Akwai idrokinon, wanda ke hana fata yin melanin, idan an daɗe ana shafa shi a rana kuma ya bar baƙin tabo a kumatu da wuya wanda ke da wuyar gogewa. Akwai magungunan kortikoyid masu ƙarfi, waɗanda aka yi don jinyar wasu cututtukan fata na ɗan lokaci. Shafa su kullum yana sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ya kawo nankarwa da ƙuraje da kyasbi, ya hana rauni da ɗinkin tiyata haɗewa, abin da ya shiga jini kuma yana iya tayar da hawan jini da ciwon sukari. Na uku shi ne zaiba, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, ta kuma kai ga ɗan tayi. Ƙasar Kodibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, yarjejeniyar Minamata ta 2013 ma ta sa wa zaiba iyaka a kayan shafa, amma har yanzu suna cike da kasuwanni, sau da yawa a kwalaben da ba a rubuta ainihin abin da ke ciki ba. Wadda ta daɗe tana shafa mai kortikoyid kada ta yanke shi rana ɗaya. Ta je a tsara mata yadda za ta rage.

Dilka da halawa, waɗanda suka zo daga Sudan suka zama al'adar gyaran amare, suna kankare saman fata ne. Sau ɗaya kafin biki ba laifi, in an bi da mai aka kuma guji rana na ƴan kwanaki. Yin su kowane mako a tsakiyar bazara barin fata ne tsirara. Lemun tsami da ake matsawa a haɗin fuska, idan rana ta same shi a kan fata, yana iya ƙona ta ya bar tabo na watanni. Jan lalle na ganye yana sanyaya tafin hannu da ƙafa, amma baƙin da ake haɗawa da rinin gashi yana ɗauke da wani sinadari mai sa wasu kumburi da bororo.

Lokacin zuwa asibiti

Ba kowane ƙurji na bazara ne ƙurjin zafi ba. Watannin nan su ne kuma lokacin ƙyanda da sanƙarau a Nijar. Ƙuraje tare da zazzaɓi da jan ido da tari, ko zazzaɓi da sandarewar wuya, ba na jira ba ne. A nufi cibiyar lafiya mafi kusa. Haka ma ƙurajen da suka yi mugunya, ko wurin da ya kumbura ya yi zafi yana faɗaɗa, ko ƙaiƙayin dare da ya kama mutanen gida da yawa, wanda kan zama ƙazwa. Matsalar da ta daɗe ta ƙi ji ana iya kai ta sashen cututtukan fata na manyan asibitoci, ko cibiyar ƙasa ta cututtukan fata da kuturta da ke Yamai.

Fata tana kuma nuna ƙarancin ruwa mai haɗari. Idan aka ɗan tsunkuli fatar cikin yaro aka saki ta daɗe ba ta koma ba, idonsa ya faɗa, maɗigarsa ta lotsa, ga rashin fitsari, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ana kan hanyar asibiti. Babba ko yaro da jikinsa ya yi zafi rau bayan ya sha rana, ya rikice ko ya suma, ko da gumi ko babu, bugun rana ne. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a yi ta zuba masa ruwa ana yi masa fifita har a samu abin hawa, kuma kada a ɗura masa komai a baki idan ba ya cikin hayyacinsa.